Hob ɗin baya mai saurin kamawa: haƙora nawa ne suka isa?

Duk mai hawan keke a cikin duwatsu ya san wannan ɗan lokacin. Ka tsayar da ƙafa don kada feda ta bugi dutse, ka ɗan mayar da ita baya, ka taka, sai ta tafi zarar kamar babu kaca, kafin ka ji ƙas, tayar baya ta amsa. A kan kwalta babu wanda ya damu da wannan. A hawa mai tsauri kuwa, inda keke ke tafiyar hawainiya, ɗan giɓin nan ya isa ya sa ka dire ƙafa a ƙasa.

Daga cikin hob ɗin baya, wato cibiyar tayar baya da giyoyi ke zaune a kai, giɓin yake fitowa. Akwai haƙora a zagaye a ciki, kuma sai abin da ke kama su ya tarar da haƙori na gaba sannan ƙarfin ƙafarka ya isa taya. Lissafin ba wuya: raba 360 da yawan wuraren kamawa. Hob mai 18 yana barin digiri 20, mai 36 digiri 10, mai 54 kusan 6.7. Hob ɗin Hope Pro 4 yana da 44, Pro 5 yana da 108, Chris King 72, Industry Nine Hydra kuwa har 690, wato kusan rabin digiri.

Sai dai ƙafa ba digirin hob take ji ba, kuma nan ne masu saye ke ruɗewa. Giyar da kake ciki ita ke ninka giɓin ko ta rage shi. Ɗauki keke mai haƙora 32 a gaba, 51 a babbar giyar baya, hannun feda mai tsawon milimita 170. Digiri 20 a hob ya zama kusan 32 a wurin feda, wato ƙafarka na iya tafiya santimita 9 da rabi a banza. Da mai 36 ya dawo ƙasa da santimita 5. Da mai 54, uku da ɗan ɗoriya. A ƙaramar giya mai haƙora 10, ko mai 18 ɗin bai kai santimita 2 ba, shi ya sa ba a jin komai a kan gudu. Dubi inda ribar take: daga 18 zuwa 36 ka tsira da kusan santimita 5, daga 36 zuwa 54 kuwa ɗaya da rabi kacal. A ganina mai 36 ya wadatar da yawancin mahaya, abin da ya haura haka kuɗi ne mai yawa a kan ɗan amfani.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba irin hob ɗin da kake da shi. Tsofaffin kekuna da masu araha da yawa firiwil ne mai zare da ake murzawa a jikin hob, haƙoran a cikinsa suke, don haka babu abin da za a canza a ciki. Idan kuwa hob ɗin DT Swiss 350 ne ko tsohon 240, ka yi sa'a, domin zobban haƙoran da ke ciki kawai za ka sauya da masu haƙora da yawa, aikin na minti goma ne, ba ya ma bukatar sifana. Cire taya, ka kwantar da ita giyoyi na sama, ka riƙe tarin giyoyin da hannu biyu ka ja sama a hankali. Murfin gefe da gangar da ke ɗauke da giyoyin za su fito tare. Yi aikin a kan tsumma mai tsabta, saboda sifirin ba ya jin kira idan ya yi tsalle cikin yashi. Za ka ga zobba biyu masu haƙora suna fuskantar juna, kowane da sifirin ɗinsa a baya. Sifirin ɗin tsukakke ne a kai ɗaya, kuma wannan tsukakken kan shi ke taɓa zobe. Goge tsohon giris tas, har cikin ramukan da zobban ke zama, ka shafa sabo, ka sa sababbin zobban a madadin tsofaffin, ka mayar da komai yadda ka same shi. Sabon 240 mai tsarin Ratchet EXP daban ne: zobe ɗaya a ɗaure yake da zare a jikin hob, sai da makullinsa na musamman, kuma kayansa ba sa shiga na tsohon tsari.

Giris shi ne ke kashe yawancin waɗannan ayyuka. Mai kauri irin na boris ɗin mota yana manne zobban, sifirin ya kasa tura su da sauri, haƙora su kama da baki-baki kawai. Ranar da ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, sai su zame, kawunansu su gutsire. A yi amfani da giris mai laushi da kamfanin ya tanada, a shafa da ɗan buroshi, shafar da ake iya ganin ƙarfe ta cikinta. Zobe mai 54 ya fi kowa rashin haƙuri a nan, don haƙoransa ƙanana ne, ba su da zurfi. Wanda ke hawa cikin ƙurar hunturu ya riƙa buɗewa yana gogewa akai-akai. Mai nauyin jiki da mai keken lantarki gara su tsaya a 36 ko ƙasa.

Idan dole sai an sauya hob gaba ɗaya, abu huɗu za su dace ko a yi asara. Faɗi da kaurin aksil: faɗin milimita 135 mai ɗan hannun matsewa, 142 ko 148 mai sandar milimita 12, kuma 148 ba ya shiga firam ɗin 142. Mazaunin giyoyi: HG na Shimano, ko XD na SRAM, ko Micro Spline na Shimano mai giya 12. Mazaunin faifan birki: kusoshi 6 ko Center Lock. Sai ramukan sifok, 28 ko 32, daidai da na rim. Kada ka sa rai tsofaffin sifok za su yi, domin faɗin kunnuwan hob ya bambanta, bambancin milimita 2 ma yana sa sifok ya gaza ko ya zarce. A auna, a sayi sababbi, a ba wanda ya iya ɗinkin taya ya ɗaure su da ma'auni. Sau da yawa idan ka haɗa kuɗin hob da sifok da ladan aiki, sayen taya sukutum ya fi sauƙi.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. A keke mai shokazoba a baya, idan taya ta daki dutse ta yi sama, tazarar da ke tsakaninta da feda tana ƙaruwa, kaca ta miƙe. Hob mai giɓi yana shanye wani ɓangare na wannan jan. Mai kamawa nan take kuwa sai ya miƙa shi ga feda, ka ji tana harbin tafin ƙafarka, musamman a gangara mai gargada lokacin da birki ya riƙe taya. Wanda yawancin hawansa gangara ce ba lallai ya ji daɗin hob mai 690 ba. Wanda ke fama da hawa tsakanin duwatsu da saiwoyi, yana taka rabi yana mayarwa, shi ne zai mori kuɗinsa.

Bayan haɗawa, kafin a fita, juya giyoyin baya da hannu ka saurara. Ƙarar ta fito daidai, tar-tar, ba ta ɗaukewa. Idan ta yi shiru ƙwarai, giris ya yi yawa, a buɗe a rage. Sannan ka matse birkin baya ka taka feda da ƙarfi sau biyar ko shida kana tsaye. In ta zame ko sau ɗaya, duba sifirin, wataƙila an sa shi a juye.