Yadda nake shayar da kantar kicin ɗina mai

Kantar kicin ɗina ta katakon maɗaci ce. Tun wajen kafinta na hana a shafa mata banish, wato man ƙyallin nan da ke bushewa a saman katako, don wuƙa da gindin tukunya mai zafi suna ɓare shi, in ya fara ɓarewa kuwa sai an kankare duka. Katakon da ya sha mai, inda ya lalace kaɗai ake bi a gyara.

Ba kowane mai ba ne. Man gyaɗa da manja suna shiga katako sarai, amma in sun kwana biyu sai su lalace a ciki, kanta ta riƙa danƙo tana wari, kyankyaso ya sami wurin zuwa. Ni man farafin na kemis nake saya, farin nan marar ƙamshi da ake ba mai fama da taurin bayan gida. Ba ya lalacewa, kuma ba matsala in abinci ya taɓa shi.

Lokacin shafawa shi ne abin da na fi sa wa ido. Da damina katako yana shan laima ya kumbura. Hunturu na shigowa, laimar iska a Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon ya tsuke, a nan tsagewa take farawa. Saboda haka tun a Nuwamba nake shayar da ita, ba na jira sai ta yi fari fat kamar ƙafar da ta sha ƙura. Sauran watanni kuwa ruwa nake ɗiga mata in gani. In ɗigon ya tsaya a dunƙule, da sauranta. In ya baje ya bar duhu, lokaci ya yi.

Nakan wanke ta da yamma in bari ta bushe ƙarau, in bi ta da samfefa mai laushi, mai lamba 240, ina bin tsawon katakon, ba a gicciye ba. Sai in goge ƙurar, in shafa man da tsumma mai tsabta, ya kwana. Bakin katakon da gefen wurin wanke-wanke sun fi ko'ina sha, nan nake maimaitawa. Ƙasan ma, iya inda hannu ya kai, don katakon da fuska ɗaya kaɗai ta sha mai yakan lanƙwashe. Da safe in goge duk abin da ya rage a sama. Wannan gugar mutane suke wa ƙiwa, alhali ita ke hana ƙura mannewa.

Kusa da famfo nakan ƙara kakin zuma: kashi 1 na kakin, 4 na mai, a narkar a wuta kaɗan-kaɗan, a bari ya huce.

Baƙin tabo mai zagaye kuwa aikin ƙarfe ne. Gwangwanin tumatir ko wuƙa jiƙaƙƙiya in ta kwana a kai, da safe sai ki ga shatinta, kuma sabulu ba ya fitar da shi, ni da samfefa nake fitar da shi. Yanzu faranti na ajiye musamman don gwangwanaye.