Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙugiya Biyu a Kan Ƙarfen Sabis

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a daidai inda na fara aikin hawan ƙarfen sabis a nan Katsina. Yau zan jingine labarin kaina, in yi bayanin aikin shi kansa, domin wanda bai san yadda ake hawa ba, ba zai gane abin da ke tafe a gaba ba. Ga kuma ƙannenmu da ke shigowa sana'ar nan ba tare da wani ya zaunar da su ya faɗa musu waɗannan abubuwa ba.

Duk Bakatsine ya san hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai wajen mita 15. To ƙarfen sabis mai mita 45 ya ninka ta sau uku, akwai kuma masu mita 60 da sama da haka. Sifana da ta suɓuce daga mita 40, ƙasa da daƙiƙa uku take yi ta iso ƙasa, kuma da gudun kusan kilomita 100 a sa'a take isowa. Shi ya sa kafin kowa ya taka tsani ake zagaye gindin ƙarfen da igiya, a kori yara da masu kallo, na ƙasa kuma su sa hular kwano kamar na sama. Kowane kayan aiki a ɗaure shi da zare a jikin bel ko a sa shi cikin jaka mai rufewa. Aljihu ba wurin ajiye noti ba ne.

Bel ɗin hawa shi ne wanda ya kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi gaba ɗaya, mai zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu. Na ƙugu kaɗai ba ya cikin lissafi, domin in mutum ya faɗo da shi yana iya karya masa baya, ko ya zame ya fice ta ciki. Kullum da safe a bi shi da hannu taƙi-taƙi: a lanƙwasa maɗaurin a ga ko zare ya fara tashi, a duba ɗinki, a duba tsatsa a jikin ƙarafan. Ranar ƙasar nan tana cin zarensa, ruwan batir yana ƙona shi ba tare da ya nuna sosai ba, don haka ba a jefa shi bayan mota tare da batira da jarkar gas. Maɗaurin cinya a ja shi har ya zama tafin hannu a shimfiɗe ne kawai zai iya shiga. In ya yi sako-sako, ranar da aka faɗo shi zai fizgi mutum a inda ba a so. Bel ɗin da ya taɓa tare mutum a faɗuwa ya gama aikinsa, a sa wuƙa a yanka shi don kada wani ya tsinta. Ni ban yarda da bel na gwanjo ba ko kyauta ne, tunda babu mai iya faɗa maka abin da ya gani kafin ya iso hannunka.

Sai igiyar da ita ce rai. Igiya ce mai reshe biyu, kowane reshe da babbar ƙugiya a bakinsa, gindinta kuma yana da wani ɗan ƙunshi da ake maƙalawa a zoben baya. Cikin ƙunshin nan maɗauri ne da aka naɗe aka ɗinke, wanda aka yi shi don ya ɓarke a hankali idan nauyi ya fizge shi. Ɓarkewar ita ke shanye ƙarfin fizgar, ta hana abin da zai daki jiki ya wuce kwatankwacin kilo 600. Igiyar da ba ta da ƙunshin, ko da ba ta tsinke ba, fizgarta kaɗai ta isa ta illata ƙashin baya da kayan ciki. Waɗanda ke ɗaura igiyar guga ko ta ɗaure kaya a ƙugu su ce sun yi shiri, su ji wannan da kyau.

Dokar hawa guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: ba a cire ƙugiya sai ɗayar tana maƙale. Ka maƙala ta dama a sama, ka ji ta rufe, ka ja ta ka tabbatar, sannan ka cire ta hagu, ka hau taki biyu ko uku, ka maƙala ta hagu, sannan ka cire ta dama. Haka har sama, haka har ƙasa. Aiki ne mai cin rai, yana ninka lokacin hawa, kafaɗa tana ciwo. A nan ne shaiɗan ke shigowa. Sabon shiga ba ya sakin ƙugiya, tsoro bai barin sa. Wanda ya shekara biyar yana hawa shi ne zai ce daga nan zuwa can ai taki ɗaya ne, ya cire duka biyun don ya zagaya bayan eriya. Sabo turken wawa. Wurin da aka fi samun matsala shi ne wurin sauya matsayi: fita daga tsani zuwa dandamali, zagaya ƙafar ƙarfe, ko saukowa bayan an gama aiki, jiki ya mutu, hankali ya riga ya tafi gida.

Inda ake maƙala ƙugiyar ma ilimi ne. A jikin ƙarfen ginin kansa ake sa ta, mai kauri, wanda aka ɗaure da noti ta kowane gefe. Ba a sa ta a wayoyin da ke hawa zuwa eriya, ko hannun da ke riƙe da eriya, ko 'yan ƙusoshin takawa, domin waɗannan ba a yi su don ɗaukar fizgar mutum ba. Kuma a sama da kai ake sa ta. Igiyar mita 2 ce. In ka maƙala ta sama da kanka, faɗuwarka gajera ce. In ka maƙala ta daidai ƙafarka, sai ka yi mita 4 a iska kafin ta fara riƙe ka, ƙunshin ya ƙara buɗewa har mita 1.75. In aka haɗa da tsawon jikinka da ɗan abin da ake bari na kariya, kana buƙatar fili na wajen mita 6 da rabi a ƙarƙashin wurin da ka maƙala. Ma'ana, a mitocin farko na hawa, wanda ya sa ƙugiya ƙasa-ƙasa zai daki ƙasa igiyarsa ba ta gama aiki ba. Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba: reshen da ba ka amfani da shi, kada ka rataye shi a zoben ƙarfe na gefen ƙugu, domin yana iya hana ƙunshin buɗewa yadda ya kamata. Akwai ɗan madaukin da aka yi masa a ƙirjin bel ɗin. Zobban gefen na gajeriyar igiyar tsayuwa ne, wadda ake zagaya ƙarfe da ita a jingina a saki hannu biyu a yi aiki, kuma ita ba ta maye gurbin igiyar baya.

Wasu ƙarafan suna da waya da ta bi tsani daga ƙasa har sama, da ɗan ƙarfe mai zamewa da ake haɗawa da bel, wanda ke cije wayar in an faɗo. Yana da kibiya a jiki, in za a sa shi a wayar a tabbatar ta kalli sama.

Yanayin garinmu kowane lokaci da irin nasa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana kwanciya a kan ƙarfe ta sa shi santsi, yatsu su ƙage da sanyin safe, iskar da kake ji kaɗan a ƙasa kuma a mita 50 ta ninka. In ta kai wajen kilomita 40 a sa'a, a haƙura, musamman in za a ja eriya ko gangar nan mai kama da faifai, wadda iska ke kamawa ta juya ta da mutum. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa ba safar hannu. A hau bayan sallar asuba da gari ya waye, a sauko kafin rana ta take, a riƙa kurɓar ruwa kamar kofi ɗaya duk minti 20 ba sai an ji ƙishi ba. Mai azumi ya faɗa wa shugaban aiki gaskiyar ƙarfinsa, babu abin kunya a ciki. Jiri, ciwon kai, ko ɗaurewar jijiyar ƙafa, alama ce ta a sauko yanzu. Da damina kuwa ido yana gabas. Ƙarfen sabis shi ne abu mafi tsawo a unguwa, shi aradu ke nema. In ka ga walƙiya ka ƙirga: kowace daƙiƙa uku kafin ƙarar tsawa kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso, kuma saukowa da ƙugiya biyu tana cin lokaci, don haka tun daga tsawar farko ake fara sauka. Ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji ta ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Eriya tana fitar da ƙarfinta ne ta gaba, saboda haka ta baya ake bi, ba a tsayawa a gabanta ko gaban ganga tana aiki. In dole sai an yi aiki a wurin, a kira masu kula da na'ura su kashe ɓangaren, a tabbatar an kashe. Na gidajen rediyo da talabijin sun fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, a wasu turakun rediyo ma jikin ƙarfen gaba ɗaya shi ne eriyar, taɓa shi yana aiki ƙuna ce. Tun daga ƙasa a ɗaga kai a duba zuma da rina da sheƙar shirwa, a duba notocin gindi ko ɓarayi sun kwance wasu. Ƙwaya kuwa, ko da sunan ƙarin ƙarfi ce, mai shan ta ba shi da wuri a kan ƙarfe.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ceto. Igiya ta tare mutum, yana lilo a mita 40, to sai me? Maɗaurin cinya yana matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, cikin mintoci kaɗan mutum yana iya suma, in aka daɗe kuma rai ne. Wanda ke rataye, in yana cikin hayyacinsa, ya riƙa motsa ƙafafu, ya nemi ƙarfe ya taka, ko ya zura ƙafa cikin madaukin da ake haɗawa da bel don wannan ranar. Saboda haka mutum ɗaya ba ya hawa shi kaɗai. Dole a sami na biyu da ya iya hawa, sanye da bel ɗinsa, da igiyar ceto da ta fi ƙarfen tsawo, da na'urar sauko da mutum a hankali, kuma sun taɓa gwada ta tare kafin ranar. Maigadi da direba ba masu ceto ba ne. In an sauko da shi a wuce asibiti kai tsaye, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga aikin farko da aka tura mu hanyar Daura.