Mun ci wasa goma, aka bar mu a tasha

Duk ranar Asabar, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, uwargida ta san ba a taɓa min fawa bank. Tun da rana nake cika shi in an kawo wuta, in ba a kawo ba in aika yaro wurin mai caji a bakin titi. Dalili kuwa, ƙarfe uku da rabi na dare zan tashi in zauna a zaure da waya a hannu, ina kallon ɗaliban wata jami'a ta Amurka suna karo da juna a kan ƙwallo mai siffar gwanda, wato wasan ƙwallon Amurka. Awa takwas ce tsakaninmu da su. Wasan da suka take da bakwai da rabi na yamma, mu a nan Gwammaja sai wajen kiran assalatu ake tafiya hutun rabin lokaci. In je masallaci in dawo, in tarar an ƙara mana.

Wannan ciwo a Corvallis na kwaso shi, wani ƙaramin gari a jihar Oregon mai mutum wajen dubu 60, inda na je karatun digiri na biyu a kan ƙasar noma a 2016. Jami'ar ita ce Oregon State, 'yan wasanta kuma ana ce musu Beavers, sunan wata dabbar ruwa ce mai kama da gafiya wadda ke sare itace da haƙora ta datse rafi. Ni ɗan Pillars ne tun ina ƙarami, Sai Masu Gida, don haka da farko kallon banza na yi wa wasan nasu: a ruga, a tsaya, a yi shawara, a sake rugawa, ga hular kwano ga kafaɗu kamar na dawakin lifidi. Amma a watan Nuwamba na shekarar abokan karatu suka ja ni filin Reser, ana tsuga ruwa, muka doke maƙwabtanmu na Jami'ar Oregon da maki 34 da 24 bayan sun shekara takwas suna lallasa mu. Na ga wani dattijo, sa'an mahaifina, yana kuka da majina. Tun daga ranar nake cewa "mu".

Kada ka ɗauka wata babbar ƙungiya ce. Daga 1971 zuwa 1998, kaka 28 a jere, ba su taɓa ƙare shekara da nasara ta fi rashin nasara yawa ba. A 2017, ina can, wasa ɗaya tak muka ci cikin goma sha biyu. Mai son Beavers ya san haƙuri kamar manomin da ya yi shuka a ruwan farko.

To, kwanakin baya yaron da ke riƙe da gidan kallon layinmu ya tare ni. Ya san halina, don sau biyu ina roƙonsa ya nemo min tashar da ke nuna wasan, yana dariya.

Ya ce, "Yallaɓai, na ji an ce ƙungiyar taka ta faɗa 'yan dagaji. Wasa nawa aka ci ku?"

Na ce, "Ai shekarar da aka fara ƙulla abin, wasa goma muka ci cikin sha uku."

Ya yi sororo. Ya ce, "To ta ina aka sauke ku?"

Na rasa ta inda zan kamo masa zaren, sai na tuna da adashin matan gidanmu. A Amurka, jami'o'i ba gasa ɗaya suke bugawa kamar Firimiya ba. Rukuni-rukuni suke, kowane rukuni jami'a goma sha wani abu, suna buga wa junansu, sannan su haɗa wasanninsu duka su sayar wa gidajen talabijin a dunƙule, a raba kuɗin. Adashi ne. Zubin kowa shi ne yawan idon da yake jawowa gaban talabijin, kwasa kuma kusan daidai ake yi. Babu hawa, babu sauka. Ko ka shekara ashirin ana cin ka, kujerarka tana nan, muddin adashin bai watse ba.

Namu adashin sunansa Pac-12, na jami'o'in yammacin ƙasar, kuma asalinsa tun 1915, da mu aka kafa shi. Wato shekara goma sha biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano. Sai ga shi ranar 30 ga Yunin 2022, manyan jami'o'i biyu na Los Angeles, USC da UCLA, suka ce sun tashi, za su koma rukunin Big Ten. Ba a yi wata biyu ba aka ji dalili: Big Ten ta sa hannu da gidajen Fox da CBS da NBC a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 7 na shekara bakwai. Los Angeles ita ce kasuwar talabijin ta biyu a girma a duk Amurka. Ka ɗauka Kantin Kwari da Singa su fice daga harajin Kano a rana guda.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a daidai wannan shekarar ne muka miƙe. Kocinmu Jonathan Smith ɗan gida ne, shi ne mai jefa ƙwallon ƙungiyar lokacin da ta lallasa jami'ar Notre Dame da 41 da 9 a farkon 2001. Ya karɓe ta a 2018 tana kwance, ya yi ta lallaɓa ta. A Nuwamban 2022 Oregon na gabanmu da 31 da 10, muka farke muka ci 38 da 34. Na yi ihu a zaure har na ta da jariri, uwargida ta kwana biyu tana min gori. Sannan muka je Las Vegas muka yi wa Florida 30 da 3. A lokacin ana tsaka da rushe ɓangare guda na filin Reser ana sake gina shi, aikin da ya ci sama da dala miliyan 160. Mun yi wanka, mun ɗinka sabuwar riga, ashe bikin ne za a fasa.

Shugabannin Pac-12 sun shekara suna yawo da sauran hajar a kasuwa, ba wanda ya yi tayin kirki. Wani ɓangare na matsalar ni ma na san shi a jikina: lokaci. Wasan bakwai da rabi na yamma a Oregon, goma da rabi na dare ne a New York, inda masu kallo da masu talla suka fi yawa. Ni da ke Kano ina iya hana idona barci don so. Ba'amurken da ba ruwansa da mu ba zai yi ba. Daga ƙarshe kamfanin Apple ne ya kawo tayi, wanda za a riƙa kallo ta intanet da kuɗin rajista, kuma abin da ya tabbatar wa kowace jami'a bai kai na sauran rukunoni ba. A ƙarshen Yulin 2023 Colorado ta fice. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, Oregon da Washington suka bi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi wani rukunin mai suna Big 12, duk a yini ɗaya. Na sauko daga masallacin Juma'a muna tara, kafin gari ya waye mun koma huɗu. Ranar 1 ga Satumba Stanford da California suka shiga rukunin ACC. Saura mu da Washington State, wata jami'ar noma irin tamu a garin Pullman, wanda bai ma kai Corvallis ba.

Oregon fa, maƙwabta ne na ƙut da ƙut. Daga garinsu Eugene zuwa namu bai wuce rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ba, kuma tun 1894 ake karawa. Sun yarda sun shiga Big Ten a kan kusan dala miliyan 30 a shekara, wajen rabin kason tsofaffin 'yan rukunin, don dai kada jirgi ya tashi ya bar su. Ban ce da ni ne ba zan yi ba. Amma ban yafe ba tukuna.

Sunayen ma sun zama abin dariya. Big Ten, wai manya goma, yanzu su 18 ne. Big 12 su 16. Stanford da ke bakin tekun Fasifik tana cikin rukunin da sunansa ke nufin gaɓar Atlantika. Kuma ba 'yan ƙwallon nan kaɗai ke wannan tafiya ba, har 'yan matan ƙwallon raga da sauran ƙananan wasanni, ɗalibai masu lacca da jarrabawa. Daga Los Angeles zuwa jami'ar Rutgers a New Jersey ya fi nisan Kano zuwa Jidda. Ka yi tunanin a ce ɗalibin Jami'ar Bayero zai yi tafiyar umara don wasan ranar Laraba, ya dawo ya shiga aji ranar Juma'a.

Yaron gidan kallo ya ce, "To ai ba a kore ku daga buga wasa ba, Yallaɓai. Ku ci gaba da ci mana."

Nan ne bai gane ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ranar 24 ga Nuwamban 2023 Oregon ta ci mu 31 da 7. Washegari, washegari fa, Jonathan Smith ya karɓi aikin Michigan State, ta Big Ten. Ɗan gidan da muke tinƙaho da shi. Ya tafi da mataimakansa da dama, da matashin mai jefa ƙwallon da muke tanadi, Aidan Chiles. Wanda ke jefa mana a lokacin, DJ Uiagalelei, ya tafi Florida State. Damien Martinez, wanda ya fi kowa ruga mana da ƙwallo, ya tafi Miami. Da can ɗalibin da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Tun 2021 aka sassauta wannan, kuma a shekarar aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. Daga 2025 ma jami'a na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekara. Ban ga laifin yaran ba ko kaɗan. Shekaru aru-aru kura ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi, koci na ɗaukar miliyoyi yaro na karya gwiwa a kan kuɗin makaranta. Sai dai wa ke da miliyan ashirin ɗin? Wanda adashinsa bai watse ba. Yaro mai shekara 18 kuma so yake a gan shi a babbar tasha, ya buga da manya, ko masu farautar ƙwararru za su hango shi. Can Pullman ma haka aka yi musu: Cam Ward ya bar su ya tafi Miami, a 2025 ya zama na ɗaya da aka fara ɗauka a gasar ƙwararru ta NFL.

A 2024 muka ci biyar aka ci mu bakwai. A 2025 aka ci mu bakwai a jere tun daga farkon kaka, aka sallami sabon kocin, Trent Bray, shi ma tsohon ɗan wasanmu ne, muka ƙare da nasara biyu cikin sha biyu. Don ƙarancin abokan karawa, sau biyu muka buga da Washington State a kaka ɗaya, kamar yara biyu da aka bari a tsakar gida kowa ya tafi biki.

Na ce wa yaron ya tuna 2022, lokacin da Pillars ta faɗa ƙaramar gasa. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Garin nan ya yi tsit, ni kaina na kwana ban ci tuwo ba. Amma mun san abin da ya kai mu, maki ne bai isa ba, kuma mun san hanyar dawowa: a je a ci wasa. A 2023 aka dawo. Ƙofar da aka fita ta ita aka shigo. Corvallis ba ta da wannan ƙofar. Ko ta ci wasa goma sha biyu a jere, ba zai ƙara mata gida ɗaya mai talabijin ba. Da Turai suka so gwada irin wannan a Afrilun 2021, manyan ƙungiyoyi 12 su ware su yi gasarsu da ba a sauka, magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje. Na tuna yadda 'yan Chelsea da 'yan Arsenal na gidan kallon nan suka haɗa baki a karon farko suna tsine wa shugabanninsu.

Kada in yi ta wanke namu. Mu da Washington State mun kai ƙara kotu muka yi nasara, sunan Pac-12 da dukiyarta suka dawo hannunmu, masu tafiya suka bar dala miliyan 65. Da kuɗi suka shigo hannu, me muka yi? Muka juya kan rukunin Mountain West, wanda ya ara mana abokan wasa a 2024 lokacin da ba mu da kowa, muka janye masa jami'o'i biyar: Boise State, Fresno State, San Diego State, Colorado State da Utah State. Aka ƙara da Texas State, da Gonzaga wadda ba ta ma buga wannan ƙwallo, don a sake kafa adashin a 2026. Kashin dankali ke nan. Na tabbata a Wyoming ko New Mexico akwai wani mai zama irin nawa da yake kallon mu yadda nake kallon Oregon.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Yallaɓai, ni dai shawara, ka dawo Madrid kawai ka huta."

Na ce masa zan duba. Rigar sanyin da na saya a Corvallis, ruwan goro da baƙi, tana nan ta koɗe, babban ɗana ke sa ta zuwa makarantar asuba in hunturu ya shigo. Ya taɓa tambayata wace dabba ce a ƙirjin, na ce gafiyar ruwa ce, ya ce to me ya sa take fushi. Jiya na ce wa yaron gidan kallo ya fara bincika min tashar da za ta nuna wasanmu da Boise State. Ya ce in dai ƙarfe uku na dare ne, kuɗin man janareto a kaina.