Bindiga a Bayan Ƙofa, Yara a Tsakar Gida

Tun da rashin tsaro ya yi ƙamari a Birnin Gwari, Giwa, Chikun da Igabi, bindiga ta shiga gidaje da yawa: ta ɗan sintiri, ta maharbi, ta manomi mai tsoron masu garkuwa. Sau da yawa tana jingine a bayan ƙofa, inda hannun yaro ke kaiwa. A ganina ya kamata a koyar da haɗarinta a makarantun boko da Islamiyya, kamar yadda ake koyar da wanke hannu lokacin kwalara.

Ƙaramin yaro abu huɗu zai haddace: tsaya, kada ka taɓa, bar wurin, faɗa wa babba. Harsashin da ya tsinta a gona ma haka ne, don in ya jefa shi a wuta fashewa zai yi.

Samari kuwa sai an yi musu bayani dalla-dalla, don sun fi kowa cewa "ai ba komai a ciki". Bindigar toka takan yi jinkiri: an ja kunama ba ta tashi ba, saurayi ya juyo bakinta ya leƙa, a lokacin albarushin ya kama. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa, aƙalla minti 1. Ɗura mata albarushi nan take bayan harbi shi ma haɗari ne, domin garwashi kan rage a cikin bututun. Ta zamani kuma, cire gidan harsashi ba ya fitar da ƙwaya ɗayan da ta riga ta hau. Batun gwajin maganin bindiga, a faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana: ya kashe mutane.

In an yi harbi, jini ne abin gudu. Babbar jijiya ta tsinke, mutum na iya rasuwa cikin minti 5. A cusa tsabtataccen ƙyalle a ramin, a danne da hannu biyu, kada a ɗaga don dubawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Hannu ko ƙafa, in jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kuma kada a sassauta. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki a raunin. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila tiyata za a yi.

A kira lambar gaggawa ta 112, ko a nufi asibiti mafi kusa, daga nan a wuce asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya in an tura. Kada a tsaya neman takardar 'yan sanda: dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take.