Zoɓona haɗi ne, kuma kowane abinci da irin nasa

Duk wanda ya shigo shagona a Zango ya ce a ba shi bisaf, wato zoɓo, nakan fara tambayarsa: "Da me za ka sha?" Wasu sukan tsaya suna kallona. Shekara 14 ke nan ina dafa zoɓo a Damagaram, na kuma san wanda ke bin tsire daban yake da wanda ke bin alkaki.

A hannun gwaggona na koya, a cikin Birni. Ita ba ta dafa iri ɗaya shi kaɗai. Akwai baƙin zoɓo mai kauri, shi ke ba da launi da nauyi a baki, amma tsaminsa kaɗan ne. Akwai kuma ja mai haske, wanda ke kama harshe har mutum ya runtse ido. Takan auna tiya 2 na baƙi da tiya 1 na ja, ta wanke sau 3 saboda yashi, ta jiƙa tun bayan isha'i. Wata rana na yi gaggawa na bar shi yana ta tafarfasa a murhu. Kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye moɗar, ta ce, "Ɗiyata, kin dafe masa ƙamshi, saura ɗaci." Allah ya jiƙanta. Har yau da zarar ruwa ya fara motsi nake janye itace.

Citta da kanumfari da ɗan masoro su ke shiga tun a wuta, tare da ɓawon abarba. Kanumfarin ƙirga shi nake yi, domin in ya yi yawa sai ya danne komai, bakinka ya mutu kamar ka sha maganin haƙori. Na'ana'a kuwa sai ya huce. Kanwa ba ta shiga tukunyata. Masu sa ta don kashe tsami su duba da kyau: launin yakan koma duhu mai shuɗi-shuɗi, ɗanɗanon ya zama salam. Ɗigon lemun tsami ne ke tayar da jan. In ka kurɓi nawa, tsami ne zai fara gaishe ka, zaƙi ya biyo baya a hankali, sannan citta ta ɗumama maƙogwaro.

Ga mai cin tsire ko balangu, ina ƙara ja in rage sukari, saboda tsamin ne ke wanke maiƙo daga baki har ka ji kana son wata tsoka. Kilishi ya riga ya zo da yajinsa, don haka nasa ba na cika masa citta, abarba nake ƙarawa ta kwantar da zafin. Alkaki, wanda garinmu ya yi suna a kansa, ya sha zaƙi ya ƙoshi, to zoɓon da zai raka shi kusan babu sukari ya kamata ya zo. Dambun zogale da ƙuli yana bin haɗin gwaggo yadda yake. Amma burabusko da miyar yakuwa, ina hana mutane: yakuwa da zoɓo itace ɗaya ne, tsami kan tsami sai haƙora su mutu. Haka bayan fura da nono, a ɗan jinkirta.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kaɗa garin kala a ruwa su ɗaura a leda, su ma su kira shi bisaf. Sai mutum ya zo ya ce, "Hajiya, ai can dala 5 ne." To ka sha nasu ka dubi harshenka a madubi! Ni bayan kaka nake sayen furena na shekara, daga ƙauyukan wajen Mirya da Matamaye, ina shinshina kowane buhu. Bara wani mai kawo mini ya yayyafa wa nasa ruwa don ya yi nauyi, kafin sati 2 ya yi fumfuna, buhu 3 na zubar. Ban sake saye a hannunsa ba.

Masu biki da suna, da masu son na shan ruwa in azumi ya zo, ku gaya mini abincin da za a ci tun ana saura kwana 2, don jiƙon yana son kwana.