Ƙarfe nawa kake kwanciya?

Talata, tsakiyar watan Afrilu. Zafi ya kai inda ya kai, ga ɗaukewar wuta da daddare, ga sauro. Tun ƙarfe 8 na safe benci ya cika a ɗakin jiran ganin likita, kuma kafin la'asar mutum huɗu sun shigo da ƙorafi iri huɗu: ciwon kai, sugan da ya ƙi sauka, faɗuwar gaba, da mantuwa. In ban da mutum ɗaya, babu wanda ya fara da maganar barci a cikinsu. Sai da aka tambayi kowa ƙarfe nawa yake kwanciya, ƙarfe nawa yake tashi, sannan zaren ya fito.

Na farko direban babbar mota ne, zai kai shekara 45, yana ɗauko kaya daga Legas. Idonsa ja wur, ga ɓarin goro a kunci. Awon jininsa ya nuna 160 bisa 100, wato ya hau. Na ce, "Malam, daga Legas zuwa nan, awa nawa ka runtsa?" Ya ce, "Likita, ai ni na saba. In na samu awa 3 da goro, shi ke nan."

Wannan kalma ta "na saba" ita ta fi tayar mini da hankali a harkar nan. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun raba lafiyayyun mutane rukuni-rukuni: wasu awa 8 a gado, wasu awa 6, wasu awa 4, har tsawon kwana 14, ana gwada nutsuwarsu da saurin hankalinsu kullum. Masu awa 6 sun yi ta raguwa kowace rana, har a ƙarshen mako biyun aikinsu ya koma kamar na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Amma da aka tambaye su yadda suke ji, sai suka ce ɗan barci-barci ne kawai. Ma'aunin da mutum yake auna gajiyarsa da shi yana cikin ƙwaƙwalwar da ta gajin. Abin da direban nan ya saba da shi, jin gajiyar ne. Saurin taka birki bai saba da komai ba.

Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare. Tun daga lokacin da ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake sa ido nauyi, kuma barci ne kaɗai yake share shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, da kofi, da shayi, da lemon ƙara kuzari na gwangwani, toshe gurbin da adenosin yake sauka kawai yake yi. Wato an rufe wa mai bin bashi ƙofa, bashin kuwa yana nan yana ƙaruwa, da zarar ƙarfin goron ya saki sai ya faɗo gaba ɗaya. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa da idonsa suna yin sanyi kamar na mai giya a jini daidai kashi 0.05 cikin 100, a awa 24 kuma ya ninka haka. Bawan Allah da bai taɓa kai giya bakinsa ba, sai ga shi yana tuƙi irin na mashayi.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma a kan titi satar tasa ta daƙiƙu ce. Ƙwaƙwalwar da ta gaji tana ɗaukewa na daƙiƙa 3 ko 4, wani lokacin ido a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. A daƙiƙa 4 ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Na lissafa wa direban alamomin: hamma a jere, kai yana sunkuyawa, ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, taya tana taɓa gefen kwalta. Buɗe gilashi da ƙure rediyo da watsa ruwa a fuska ba sa wuce 'yan mintuna. Abin da ke aiki shi ne a faka a wuri mai aminci, a sha kofi ɗaya, a kwanta nan take na minti 20, saboda kafeyin yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya kama, sai farkawar ta zo daidai da kamawarsa. Wannan ma na isa masauki ne kurum. Tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba jiki ya fi jan mutum ƙasa, sai kuma bayan azahar. Na roƙe shi ya guji ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha, musamman tiramol: shi kansa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, rashin barci ma haka, ina ga an haɗa su a bayan sitiyari.

Game da jinin nasa, a barci mai kyau awon jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, nan ne zuciya da jijiyoyi suke samun sarari. Wanda ba ya barci, jijiyoyinsa suna kwana a ɗaure. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukuncin hawan jini. Zai dawo sau biyu a ranaku daban, bayan ya yi barci, ya zauna shiru minti 5, babu goro ko taba na rabin awa kafin awon.

Wajen ƙarfe 11 wani dattijo mai jiki ya shigo da uwargidansa. Yana shan maganin suga yadda aka ce, yana shan na hawan jini har iri uku, duk a banza. Shi a wurinsa barci ba matsala ba ne, da an idar da isha'i yake kwanciya. Uwargidan ce ta gyara mayafi ta ce, "Likita, munsharin Alhaji har zaure ake ji. Sai ya ɗauke numfashi ɗif, in zauna ina salati, can sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe." Na ce, "Hajiya, kun taimake mu ƙwarai." Alhaji kuma ya yarda cewa yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana gyangyaɗi a majalisa, har a huɗubar Juma'a.

Wannan ciwo ne mai zaman kansa, ɗaukewar numfashi a barci. Naman maƙogwaro yana saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum ya ja numfashi, ya koma bai sani ba. A mai tsanani hakan yana faruwa sau 30 ko fiye a awa ɗaya. Awa 8 a kan katifa, amma jiki bai huta ba. Duk mai hawan jinin da ya gagari magani iri uku, ya kamata a tambayi wadda take kwana kusa da shi. An tura shi gwajin barci. Kafin nan: kwanciya a kan haƙarƙari maimakon rigingine, rage nauyi, kuma kada ya kusanci ƙwayar barci, don tana ƙara sakin maƙogwaron. Maganin da ya fi aiki na'ura ce mai hura iska ta hanci duk dare, sai dai tana son wuta ko batiri mai ƙarfi, dole a yi wannan lissafin tun kafin a saya. Na kuma mayar da ƙwayarsa mai sa fitsari zuwa safe, don da yamma yake shan ta, tana tashinsa sau uku.

Alaƙar barci da suga ta daɗe da tabbata. A 1999 a Jami'ar Cikago an taƙaita wa samari 11 masu ƙoshin lafiya barci zuwa awa 4 na dare 6, sai saurin da jikinsu yake kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Daga baya aka ga cewa dare biyu kacal na irin wannan yana ɗaga sinadarin da ke sa yunwa, ya sauke wanda ke sa ƙoshi, kuma kwaɗayin yana karkata ga zaƙi da fulawa. Garkuwar jiki ma tana taɓuwa: a wani gwaji da aka wallafa a 2015, an ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci, masu barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu fiye da awa 7 kamuwa har kusan sau 4.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce matar da ta shigo bayan azahar, ba ta wuce shekara 30 ba, da goyo a baya. Ta zauna a bakin kujera tana murza gefen hijabinta, ta ce a rubuta mata ƙwayar barci kawai. Na ce, "Malama, barcin ne ba ya zuwa, ko zuwa yake ya yanke?" Ta ce yana zuwa, amma ƙarfe 3 take farkawa ko jaririn bai motsa ba, daga nan sai tunani har kiran assalatu. Abinci ya fita ranta, tana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ta koma ɗaki ta yi kuka.

Tsawar tana da dalili a ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan sashe mai kula da tsoro da fushi, sashen goshi kuma shi ne linzaminsa. A 2007 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda suka kwana ba barci, suka ga sashen tsoron yana zabura fiye da na masu barci da kusan kashi 60 cikin 100, linzamin kuma ya yi sako-sako. Hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: rashin barci mai daɗewa yana kusan ninka haɗarin ciwon damuwa, ciwon damuwa kuma yana yanke barci, kuma farkawar tsakar dare irin tata tana cikin alamominsa, balle ga mai jego. Na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa jin gara ta mutu, don tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, tana ba shi damar magana ne. An haɗa ta da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, aka kuma kira mijin aka yi masa bayani cewa tana buƙatar wanda zai karɓi jaririn, ta samu awa 4 zuwa 5 a jere ba yankewa. Ban rubuta ƙwayar ba. Irin su dayazifam suna sa maye mai kama da barci, jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, suna shiga nono, kuma wanda ya daɗe a kansu bai kamata ya yanke lokaci ɗaya ba sai da likita.

Akwai kuma akasin nata, wanda iyalai suke yawan kuskurewa: mutum ya yi kwana uku ko huɗu yana barcin awa 2, amma babu gajiya, sai surutu, da kashe kuɗi, da manyan shirye-shirye. Wannan na asibiti ne a ranar.

Ga mai rashin barcin da ba wani ciwo a ƙarƙashinsa, matakan da aka gwada suna da sauƙin faɗa, riƙe su ne aiki. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Mai tashi asuba ƙarfe 5 lissafinsa ya nuna ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a kwance. A fita hasken safe. Kada a hau gado sai barci ya zo, in kuma an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske, ba waya, sai ido ya yi nauyi a koma. Dalilin shi ne kada ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gado wurin tunani ne. Ƙailula tana da amfani in ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma kafin la'asar. Goro da kofi su tsaya daga azahar, domin rabin kafeyin yana nan a jini bayan kusan awa 5. Goron magariba yana aiki har tsakar dare. A duba kwalin maganin ciwon kai ma, wasu da kafeyin a ciki.

Na huɗun ɗalibi ne mai shirin jarrabawa, yana kwana karatu da kofi, da safe ya nemi abin da ya karanta ya rasa. A barci ne ƙwaƙwalwa take ɗaure abin da aka koya da rana, kuma ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata. Na ce ya mayar da karatun bayan asuba, wayar kuma ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa.

Dukansu sun yi kukan zafi, kuma da gaskiyarsu, don sai ɗumin cikin jiki ya ɗan sauka barci yake kamawa. Wanka kafin kwanciya, tufa mara nauyi ta auduga, shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro, ruwan sha a kusa. Janareta kuwa ya zauna a fili nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa yana kashe masu barci ba tare da sun farka ba.

Kowannensu ya tafi da takarda mai layi 14, layi ɗaya na kowane dare: lokacin kwanciya, lokacin tashi, sau nawa aka farka, goro ko kofi nawa aka sha da ƙarfe nawa. Direban ya ce shi ba ya boko. Na ce ya rubuta da ajami, ko yaron motarsa ya rubuta masa. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ce ranar Alhamis zai dawo awon jini kafin ya ɗauki lodi.