Ruwan burtsatse ma kuɗi ne, ranka ya daɗe

Na ajiye aikin famfo a otal ɗin da na daɗe ina yi wa aiki a Abuja, kuma har yau rigimar ɗakin taro ce ta fi tsaya mini a rai.

Duk wanda ya san babban gini ya san yoyo ba ya ɓulla a inda ya fara. Ruwa kan bi jikin bututu, ya bi kankare, sai ya fito a silin ɗin ɗakin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da danshi ya bayyana a saman ɗakin taro ana gab da wani biki, na ce wa manaja: "Ranka ya daɗe, a ba ni dare ɗaya. Tsakanin ƙarfe 2 da 4, baƙi na barci, kicin da ɗakin wanki a rufe, sai mu riƙa rufe ruwa hawa bayan hawa muna duba mitar ruwa. Hawan da aka rufe mita ta tsaya, can ɓarnar take." Ya ce ba zai yanke wa baƙi ruwa saboda hasashen mai famfo ba, a fasa banɗakunan da ke sama kawai. Muka fasa. Busassu ƙayau. Kuɗin tayil kuma aka cire a albashina.

Daga baya ya ɗauko wani kamfani da kyamarar gano zafi da na'urar sauraren bututu. Abin da suka fara nema? Dare ɗaya, a rufe ruwa hawa bayan hawa. Mahaɗar bututun ruwan zafi ce ta saki a ƙarƙashin baranda, nesa da inda muka fasa. A taron ma'aikata su aka yaba wa.

Tushen matsalar, a ganina, burtsatse ce. Tunda babu takardar kuɗin ruwa da ke zuwa ofis, oga na ganin ruwa kyauta ne. Ba ya lissafin injin da ke jan ruwa dare da rana, da dizal ɗin da janareta ke sha dominsa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa kan zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, ballantana tankin masai da robarsa ta mutu, wanda ke tsiyaya shiru ba mai ji.

Ga wanda zai gaje ni: ɗiga kala a tankin masai ka jira minti 10, in ta sauko cikin kwanon masai to robar ce. Kafin ka zargi bututu, duba magudanar ruwan na'urar sanyaya ɗaki, tana yawan toshewa. In ruwan wurin ninƙaya na raguwa, ajiye bokitin ruwa a matakalarsa ka kwatanta, don rana ma tana shan nata. Sannan duk shawarar da za ka ba manaja, rubuta ta ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi a aljihunka.